Wanda Ba a Yi wa Barka

A Dabawa, da sauran garuruwan da ke tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi, shekarun nan sun dawo mana da wani irin taro da kakannin kakanninmu suka sani, iyayenmu kuwa a labari kawai suka ji shi. Idan 'yan bindiga suka sako mutum, kafin ya gama wanke ƙurar daji gidansu ya cika. Mata na shiga da kwanonin abinci, maza na zaune a ƙofar gida, liman ya zo ya yi addu'a a shafa. Kuɗin fansar ma, in an sayar da gona da shanu ba su kai ba, sau da yawa a masallaci ake cike gibin, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Barka da arziki, Allah ya kiyaye gaba, haka za ka yi ta ji har kwana bakwai.

Akwai wani mai dawowar kuma. Shi daga gidan yari ya fito, bayan wata takwas ko shekara uku. Yakan sauka a mota tun kafin a iso gari, ya jira magariba ta yi, sannan ya bi ta bayan gidaje. Ba a shimfiɗa masa tabarma. In ya yi ƙarfin hali ya fito sallar asuba, sai a ba shi wuri a sahu fiye da yadda yake buƙata, wasu kuma su tuna ba su adana takalmansu da kyau ba.

Za a ce ai bambancin a fili yake, wancan zaluntarsa aka yi, wannan shi ya yi zaluncin. Da haka ne da abin ya zo da sauƙi. Alƙaluman hukumar gidajen yari sun daɗe suna nuna abu ɗaya: cikin mutum wajen dubu 80 da ke tsare a Nijeriya, kusan kashi biyu cikin uku jiran shari'a suke yi, babu alƙalin da ya ce sun yi laifi. Wasu kuma tara ko biyan bashi aka yanke musu, aljihu ya gaza. Mu dai ba ma tambayar wannan. Ya shiga, ya fito, suna ya bi shi. Shi ya sa muka waiwayi tarihi, mu ga ko haka addini ya bar mana al'amarin tun asali.

Ɗauri ba shi ne ginshiƙin hukunci a shari'ar Musulunci ba. A Madina zamanin Annabi (SAW) babu ginin da ake kira kurkuku. Da aka kamo Sumamatu ɗan Usal, shugaban mutanen Yamama, a jikin ginshiƙin masallaci aka ɗaure shi, yana ganin masu salla suna ganinsa. Bayan kwana uku aka kwance shi, ya je ya yi wanka ya dawo ya musulunta. Sai a zamanin Sayyidina Umar aka sayi gidan Safwanu ɗan Umayya a Makka kan dirhami 4,000 aka mai da shi wurin tsaro. Littattafan Malikiyya da malamanmu ke karantarwa a zaure, Risala da Muhtasar, sun san ɗauri, amma a wurare ƙalilan. Ana tsare mai bashi don a gano ko ɓoye dukiya yake yi. In ta tabbata babu ce, sai a sake shi. Wanda ya yi kisa da gangan, dangin mamaci suka yafe masa, hukuncinsa bulala ɗari da ɗaurin shekara ɗaya. Yawancin sauran hukunci na jiki ne ko na dukiya, wani mai zafi ƙwarai, amma a yi a gama, mutum ya kwana a gidansu.

Inda malamai suka fi zurfafa tunani shi ne kan wanda aka kama aka raba da danginsa. Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kansa, in aka bi tushen wutar, a kan kamammu ta tashi. A ƙarshen 1803 rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta faɗa wa Gimbana, garin Malam Abdussalami, almajirin Shehu, ta ɗauro mutane. Da aka biyo da su ta kusa da Ɗegel, jama'ar Shehu suka tare hanya suka kwance su. Ba a jima ba aka yi hijira zuwa Gudu, a Fabrairun 1804.

Mu nan ƙasar Katsina mun sha namu rabon. Bayan Ummarun Dallaje ya ci birni a 1807, tsohon gidan sarauta ya koma ya kafu a Maraɗi, aka shafe kusan ƙarni guda ana kai wa juna hari. Yammacin Katsina, wajen Ruma da dajin Rugu, shi ne hanyar mahara, wato dajin nan dai da muke kwana da fargabarsa yau. Fansa ta zama abin yau da kullum. A bi sawu a gano inda aka kai mutum, a sami mai shiga tsakani, a yi ciniki, a tara wuri. Baba ta Karo, tsohuwar da aka buga tarihin rayuwarta a 1954, ta ba da labarin yadda mahara suka kwashi 'yan gidansu, da yadda aka fanso su da ɗaruruwan dubban wuri. Fiƙihu kuwa ya tsara wa zai biya: baitulmali da farko, in ya gaza dukiyar Musulmi gaba ɗaya, sannan ta shi kamammen. Dubi tsarin da kyau. Jama'a aka sa gaba, mai abin yana ƙarshe.

Gaskiyar da ba mu son faɗa ita ce, daular da ta kwance mutanen Gimbana ita ce kuma ta cika rinjoji da bayin da aka kamo daga wasu ƙasashe. Ba mu zo wanke wannan ba. Amma a cikin dokokin bautar nan akwai wata mas'ala da ta fi kowace kusa da maganarmu, ita ce wala'i. In aka 'yanta bawa, shari'a ba ta sake shi a titi. Tana ƙulla zumunta tsakaninsa da gidan da ya 'yanta shi, zumuntar da malamai ke kwatantawa da ta jini, ba a sayar da ita, ba a kyautar da ita. In ya yi kisan kuskure, mutanen gidan na cikin masu tara masa diyya. In 'yantacciya ce ba ta da dangi, su ne waliyyanta a aure. In ya mutu babu magaji, su ke cin gadonsa. A ƙasar Hausa abin ya zauna daidai da al'ada: a ba shi gona, a yi masa aure, a riƙa kiransa ɗan gidan wane.

To, in da kuɗin zakka aka sayi bawan aka 'yanta shi fa? A Malikiyya wala'insa na Musulmi ne baki ɗaya. Ma'ana, duk wanda zakkarmu ta kwance, ya zama ɗan gidanmu duka. A babin zakkar dai, da aka zo bayanin mai bashin da ya cancanci a biya masa, sharaɗin da aka sa shi ne bashin ya zama irin wanda ake iya ɗaure mutum a kansa. Ko da a ɓarna ya ci shi, in ya tuba, maganar da aka fifita ita ce a biya masa. Malaman da suka rubuta wannan sun san gidan yari, sun kuma san tuba tana da farashi.

Sarakunanmu na da suna da gidan yari, daga sarautar Yari ma sunan ya fito. Bai kuwa yi kama da abin da ke cikin littafi ba. Da Turawa suka ci Kano a Fabrairun 1903, Gwamna Lugga ya rubuta abin da ya gani a kurkukun birnin: ɗaki biyu, kowanne ƙafa 17 a tsawo, ƙafa 7 a faɗi, babu taga, mutum 135 ake kwanarwa a ciki. Lugga na da dalilinsa na baƙanta mulkin da ya kayar, wannan ba a musu. Sai dai ko an rage rabin abin da ya faɗa, sauran ya isa kunya.

Abin mamaki, Turawan da suka yi wannan kuka su ne suka mai da ɗauri abincin yau da gobe. Sun hana yanke hannu da jifa, suka ce alƙalai su riƙa yanke watanni da shekaru a madadinsu. Suka gina gidajen yari na zamani, irin na Kurmawa a Kano da aka yi a 1910, suka bar su a hannun En'e. Daidai lokacin da ƙofar bauta ke rufewa, inda tsakanin 1897 da 1917 bayi fiye da 55,000 suka sami 'yanci ta hannun kotuna, har aka soke bautar gaba ɗaya a 1936, daidai lokacin ƙofar jarun ke ƙara faɗi. Wanda ya kasa haraji, wanda ya ɓoye shanu ranar jangali, wanda ya yi wa hakimi tsaurin ido, duk hanyarsu ɗaya. Harshenmu ma ya shaida: fursuna da gandiroba kalmomin aro ne, tare da Bature suka zo. Fursunan En'e shi ke yankan ciyawa, shi ke ɗebo ruwa, shi ke kwashe bayan gida, a tsakiyar gari, da rana tsaka, yara na bin sa da kallo. Muna ganin a nan ne ƙyamar ta yi jijiya. Bulala kan warke a mako biyu. Wanda aka gan shi da bokitin ƙazanta a ka, jikokinsa ma sai an yi musu gori.

Wannan sabon mutum, tsohon fursuna, babu babinsa a Muhtasar. Shi ba kamamme ba ne balle a fanso shi, ba 'yantacce ba ne balle ya sami wala'i. Malamai kuwa da yawansu ma'aikatan En'e ne, su ne alƙalan da ke tura shi ciki. A shekarun 1950, da aka riƙa ɗaure 'yan NEPU garke garke saboda taro ba izini ko zagin sarki, jam'iyyarsu ce ke tarbarsu a ƙofar kurkuku da kiɗa. Hajiya Gambo Sawaba sau 16 aka ɗaure ta, kowace fita kuma daraja ta ƙara mata. Siyasa ta iya abin da masallaci bai gwada ba, amma nata kaɗai take yi wa.

Ranar 1 ga Afrilun 1968 gwamnatin Gowon ta karɓe gidajen yarin En'e ta haɗa su a hannun tarayya. An yi haka ne don a raba sarakuna da sandar da suke bugun abokan hamayya, dalilin kuwa mai kyau ne. Sai dai ya zo da nisa. Da, fursuna na garinsu, uwarsa na iya aika masa fura. Yanzu takarda ɗaya ta isa a kai shi inda ba a jin harshensa. Katsinawa sun san wannan fiye da kowa: Shehu Musa 'Yar'aduwa a kurkukun Abakaliki ya rasu, ranar 8 ga Disambar 1997. In mai wannan suna ya mutu a can ba nasa a kusa, ina ga yaron da aka kama da akuya a kasuwar ƙauye?

Akwai amsa ɗaya da jama'a suka ƙirƙiro da kansu da sunan addini, ba ta kuwa yi mana kyau ba. Ita ce gidan mari. Iyayen da ɗansu ya kangare, ko ya faɗa shaye-shaye, suna tsoron gidan yari da abin kunyarsa, sai su kai shi wurin malam a sa masa mari a ƙafa. A Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, a Oktoba aka buɗe irinsa a Daura da cikin birnin Katsina. Duniya ta ga sarƙoƙi da tabon bulala. An rufe gidajen, daidai ne. Amma iyayen nan ba don mugunta suka kai 'ya'yansu ba. Ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, gidajen tarbiyyar yara masu laifi na tarayya uku gare ta: Kaduna, Ilori da Abekuta.

A shekarar dai, marigayi Muhammadu Buhari, wanda shi kansa ya yi fiye da shekara uku a tsare daga 1985 zuwa 1988, ya sa hannu a dokar da ta sauya wa gidan yari suna ya koma gidan gyaran hali. Dokar ta buɗe ƙofar sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka cuta, da aikin gayya wa al'umma a madadin ɗauri. A 2023 aka gyara tsarin mulki, jihohi suka sami ikon kafa nasu gidajen. Bayan shekara 55, abin da aka karɓe daga En'e ya kama hanyar dawowa gida. Mu dai a baka har yanzu gidan yari muke cewa, ko gidan kaso, ko gidan maza in ana son rufa asiri.

Kada a ce masu addini ba sa komai. Suna yi. A cikin gidajen akwai masallatai da coci, akwai masu shiga karantar da Alƙur'ani, fursunoni har sauka suke yi. Ƙungiyoyin mata na Musulmi da na Kirista na kai sabulu da abinci. In azumi ya zo, attajirai da ƙungiyoyi na biya wa mutane tara, hukumomin zakka na Sakkwato da Zamfara na biyan basussukan da suka kai mutane ciki. Gwamnati ma ta ari salon. A Nuwambar 2023 ministan cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya sanar da sakin mutum 4,068 da naira miliyan 585 da aka tara daga masu bayarwa. Raba kuɗin ka gani: wajen naira dubu 144 kowane kai, kuɗin ragon layya a wancan lokacin. Abin da ya raba mutum dubu huɗu da iyalansu ke nan.

Wannan ita ce tsohuwar fansa a sabuwar riga, kuma alheri ce. Amma rabinta aka ɗauko. An ɗauko biyan kuɗin, an bar wala'in. Ana jera su a tsakar gida, a yi musu wa'azi, a ɗauki hoto, a ba su kuɗin mota. Wanda ya biya bai san garinsu ba, limamin garinsu bai san an biya ba. Matar wani ta riga ta kai ƙara an raba auren, gonar wani an jinginar da ita wajen zirga-zirgar kotu. Gandirobobi sun fi kowa sanin fuskokin da ke fita a azumi su dawo kafin babbar salla.

Har a wa'azi ma fursunan da muke so daban ne. Annabi Yusufu (AS), Imamu Ahmad ɗan Hambali, Ibnu Taimiyya da ya rasu a kurkukun Dimashƙa a 1328. Duk salihai ne da aka zalunta, labarinsu na da daɗin bayarwa. Wanda ya yi satar da gaske, ya ci ɗaurinsa ya gama, ba kasafai ake hawa mumbari dominsa ba.

Amurka ita ce ƙasar da ɗauri ya zama annoba. A wajen 2008 mutum kusan miliyan 2.3 ke tsare a can, baƙaƙen fata sun fi kowa shan wuyar. Dole ta sa masu addininsu suka koyi rabin da muka bari. Malcolm X ɓarawo ne na gaske, fasa gidaje ya kai shi kurkuku a 1946. 'Yan'uwansa suka yi ta rubuta masa wasiƙa suna kiransa zuwa ƙungiyar Nation of Islam. Aƙidar ƙungiyar ta kauce wa Musuluncin da muka sani, shi kansa ya bar ta a 1964, shekarar da ya yi hajji. Amma dubi abin da ya tarar ranar da ya fito a 1952: ɗaki a gidan wansa Wilfred a Detroit, aiki a kantin kayan ɗaki inda wan nasa ke shugabanci, da jama'ar da ke jiran ganinsa a wurin ibada. A ɓangaren Kirista, Charles Colson, hadimin shugaba Nixon da ya yi wata bakwai a ɗaure, ya kafa Prison Fellowship a 1976, yanzu har a Nijeriya tana da reshe. Suna yawan kafa hujja da wasiƙar da Manzo Bulus ya rubuta wa Filimon daga kurkuku, inda ya mayar masa da bawansa da ya gudu, ya roƙe shi ya karɓe shi a matsayin ɗan'uwa, in kuma akwai bashi a kansa a rubuta a sunan Bulus. Tsayawa mutum ke nan, abin da Bahaushe ke kira lamuni.

Sai dai mu ba a Detroit muke ba, tsoron mutanenmu kuma ba na banza ba ne. A Satumbar 2019 gwamna Aminu Bello Masari ya shiga daji ya zauna da shugabannin 'yan bindiga, aka saki wasu mutanensu da ke tsare a musayar waɗanda suka sace. A 2020 shi da bakinsa ya ce sun ci amana, ba zai ƙara ba. Tun daga nan, a garuruwa irin namu, kalmar "an sako shi" ba ta da daɗin ji. Wanda ya dawo daga gidan yari, ko bashin taki ne ya kai shi, ana iya raɗa cewa a can ya ƙulla abota da mutanen daji, ya zama infoma. Kowa kuwa ya san abin da wannan raɗar ke iya jawowa a inda 'yan sa-kai ke da bindiga. Matar da aka kashe mata miji ba za ka ce mata ta kai wa kowane sakakke kwanon tuwo ba.

Amma wa zai bambance wanda bashin taki ya kai da wanda ya kai wa 'yan daji man fetur? Hukuma ba ta san su ba, takarda ta sani. Liman da mai unguwa su suka raɗa musu suna, su suka san iyayensu. Mutane da yawa na kwance a jiran shari'a ne don an ba da belinsu babu mai tsaya musu. Sulhun da dokar 2019 ta halatta, in ba a zauren mai gari ko a masallaci ba, ina za a yi shi? Kuɗin da muke tarawa bayan sallar Juma'a don fansar wanda ke daji ya nuna hannun bai manta aikin ba.

Gwajin gaskiya yakan zo ne bayan shekara biyu ko uku, ranar da tsohon fursuna ya ga yarinya ya aika manyansa. Iyayenta za su ce a ba su lokaci su yi bincike, kamar yadda aka saba. Mutumin farko da za su je wa da dare shi ne limamin unguwarsa. Liman ya san ya yi wata takwas a ciki. Ya kuma san tun da ya dawo bai rasa sahun asuba ba, ya biya mai akuyar kuɗinsa da kaɗan kaɗan, yanzu shi ke ɗora wa 'yan kasuwa buhuna ranar kasuwar Dutsin-Ma. Baƙin na zaune a zaure, fitila a tsakani, suna jira su ji da wanne zai fara.